An ba ka riƙon sashen gyaran mota a kwalejin fasaha? Ga ta inda za ka kama aikin

Assalamu alaikum 'yan uwa malamai. Wani ƙanena a aiki ne ya jawo wannan rubutun, an ba shi riƙon sashen gyaran mota a wata kwalejin fasaha, sai ya kira ni bayan isha'i yana cewa "Malam, an miƙo min makullin wokshop da fayil guda uku, wallahi ban san ta ina zan fara ba." Na ce masa ya bari in zauna in rubuta, don maganar ta fi ƙarfin waya, kuma na san ba shi kaɗai ke cikin wannan halin ba.

Amma bari in fara da abin da ya canza min tunani a kan koyarwar nan gaba ɗaya. Wata rana na je wani gareji wajen Kwangila a nan Zariya duba yaronmu da muka tura koyon aiki, yaro ne mai ƙoƙari sosai a takarda, in ka tashe shi daga barci zai karanto maka bugu huɗun injin ba gargada. An kawo wata Corolla da ba ta tashi, in an murɗa makulli sai dai ka ji ƙas ƙas. Yaran gareji sun sa wani batir, shiru, sun kwance kik, wato na'urar da ke tada injin, sun kai wa mai rewaya ya ce lafiyarsa lau, har an fara maganar burenbos, wato kwamfutar mota, mai mota yana tsaye yana ta lissafin aljihunsa. Shi kuma yaronmu yana gefe hannu a aljihu. Na karɓi mita na ɗora waya ɗaya a kan negetif na batir, ɗaya a jikin injin, na ce a yi kik, sai ga mita ta nuna sama da bolt 4, alhali bai kamata ta wuce 0.3 ba. Wayar as, wato wadda ke haɗa negetif na batir da jikin mota, ita ce ta ci tsatsa a inda aka ɗaure ta, sanfefa da sifana lamba goma suka gama aikin. A hanyar komawa na yi ta tunani, yaran gareji suna da hannu amma ba su auna, namu yana da karatu amma shi ma bai auna ba, to me muka ƙara masa kenan? Tun daga ranar duk abin da nake yi a sashen nan a kan abu ɗaya ya tsaya, yaro ya iya gano matsala da awo kafin ya kwance komai. Wannan shi ne kaɗai abin da makaranta za ta ba shi wanda zai yi wuya ya samu a bakin titi.

Mataki na farko: sati biyun farko, ka san abin da ke hannunka

Kar ka yi gaggawar kiran mitin ko kawo sabbin dokoki. Ka ɗauki littafi mai bango mai ƙarfi da mai kula da sito da malami ɗaya a matsayin shaida, ku buɗe kowane akwati da kowace durowa. Kashi uku za ka yi wa kaya: mai aiki, mai buƙatar gyara, da wanda ya mutu. Kuma kar ka yarda da "yana aiki" na baki, a jona a gani, kwamfireso a tashe shi a ga ko yana riƙe iska, jak a ɗaga mota da shi a bar ta minti goma a ga ko tana sauka. Abin da za ka tarar zai ba ka mamaki ta fuska biyu, za ka ga saitin soket babu lamba 10 da 12 da 14 don su ne suka fi ɓata, sannan za ka iya tarar da na'ura sabuwa fil a cikin leda shekara da shekaru an kulle ta don tsoron kar ta lalace a tambayi wani. In kun gama ku sa hannu ku ukun, ka kai wa firinsifal kofi ɗaya ka riƙe ɗaya. Wannan takardar ita ce za ta kare ka ranar da masu odit suka zo, kuma da ita za ka nemi kaya.

Mataki na biyu: takardun da ke juya aikin, da yaƙin taimtebul

Hukumomi biyu ne dole ka san su kamar tafin hannunka. NBTE, hukumar kula da ilimin fasaha ta ƙasa, wadda aka kafa a 1977 kuma hedikwatarta na nan kusa da mu a Kaduna, ita ke da manhaja da tantance kwasa-kwasai. NABTEB kuma, hukumar jarrabawar kasuwanci da fasaha, wadda aka kafa a 1992 mai hedikwata a Benin, ita ke shirya jarrabawar da yaranmu ke samun takardar shaidar fasaha ta NTC da ita bayan shekara uku, akwai kuma babbarta, ANTC, a gaba. Ka nemo manhajar da silabus ɗin ka buga su a takarda, ka tara tambayoyin shekarun baya, musamman na aikin hannu, ka zauna da malamanka ku raba kowane babi zuwa "abin da yaro zai iya yi da hannunsa". Misali maimakon ka rubuta "tsarin birki" ka rubuta "zai canza fad, zai fitar da iska daga layin birki, zai auna kaurin dis". In ba za a iya ganin abu da ido ana yin sa ba, to ba a gama rubuta shi ba.

Sai taimtebul, kuma nan ne za ka sha fama. Ba a yin aikin wokshop a firiyod na minti arba'in, kafin a buɗe sito a raba kaya a sa ofarol an cinye rabi. Ka je wajen mai haɗa taimtebul tun kafin a fara zango, ka roƙi a haɗe maka awa uku zuwa huɗu a jere, sau biyu a sati ga kowane aji, kuma da safe, don daga watan Maris zuwa farkon damina wokshop mai rufin kwano a Zariya bayan azahar ba wurin koyo ba ne. A 2025 ministan ilimi Tunji Alausa ya fito da tsarin cewa karatun fasaha ya zama kashi 80 aikin hannu, kashi 20 na aji, to ka riƙe wannan a matsayin hujja in ana ja da kai.

Mataki na uku: tsaro, kafin kowa ya taɓa sifana

A nan ba na sassauci ko kaɗan. Satin farko na 'yan aji ɗaya duk na tsaro ne, kuma sai yaro ya ci gwajin sannan ya shiga fili. Ba mai shiga ƙarƙashin mota tana kan jak kaɗai, sai an sa mata ƙafar ƙarfe an tare tayoyi, bulo da dutse ba sa cikin lissafi don bulon siminti yana fashewa ba sallama. In za a cire batir negetif ake fara cirewa, in za a mayar shi ne na ƙarshe, kuma ka bayyana musu dalili, in sifana ta taɓa bodi kana kan fozitif alhali negetif na jone gobara ce a hannunka. Wajen cajin batir ba ashana ba walda, don iskar haidurojin yake fitarwa. Ba a buɗe murfin lagireto injin na da zafi. Ba a tada injin ƙofofi a rufe, hayaƙin salansa yana kisa kuma iskar da ke kisan ba ta da wari. Ba a zuƙo fetur da baki, ba a wanke hannu da shi. Silifas, zobe, agogon ƙarfe, riga mai yalwa, duk a ajiye su a waje. In kana da ɗalibai mata, kuma ina fata kana da su don waɗanda na koyar sun fi maza natsuwa a aikin waya, a samar musu ƙaramin hijabi da ake cusawa cikin ofarol saboda fanka da bel, a kuma ware musu wurin canza kaya, da wannan ɗan abin ne iyaye ke samun kwanciyar hankali. Bokitin yashi da abin kashe gobara mai hoda su kasance kusa da ƙofa, ka riƙa duba allurarsa duk wata.

Kuma Malam, ranar da kai ka shiga ƙarƙashin mota ba ƙafar ƙarfe don kana sauri, ranar ka goge duk wannan satin.

Mataki na huɗu: jerin koyarwa, kuma a nan zan daɗe

Shekarar farko ta hannu da awo ce. Sunan kowane kayan aiki, yadda ake riƙe shi, bambancin zaren noti, karanta baniya da maikuromita da filageji, sabis na yau da kullum. Ka samo mataccen injin mai silinda huɗu ka ɗora a kan tebur, rukuni na yara huɗu, kar su wuce biyar, su kwance su jera a kan buhu bi da bi, su wanke, su auna, su mayar. In rukuni ya kai goma to biyu ne ke aiki takwas na kallo, kuma kullum su biyun nan ne. Shi ya sa nake raba aiki a cikin rukuni: mai sifana, mai awo, mai rubutu, mai karanta littafin injin, duk bayan rabin awa a juya. A nan ne za su koyi cewa notin tof silinda daga tsakiya ake fara ɗaure shi ana fita waje, kuma da sifanar tok, ba da tsawon bututu da ƙarfin damtse ba, da jerin wuta 1-3-4-2, da daidaita alamar taimin.

Maganar yare kuma, kar ka ji kunyar bayani da Hausa. Ni kowane fat na mota suna biyu nake ba shi a allo, na littafi wanda zai gani a jarrabawa da na gareji wanda zai ji a Sabon Gari in ya je sayen kaya. Yaro ya san cewa abin da ake ce wa indomi a gareji shi ne matatar hayaƙin da ke cikin salansa, burenbos kuma ita ce ECU. In bai san na gareji ba za a raina shi, in bai san na littafi ba zai faɗi jarrabawa kuma ba zai iya neman bayani a intanet ba.

Yawancin makarantu suna tura lantarki can ƙarshe, ni kuma tun zango na biyu na shekarar farko nake fara shi, don motocin da ke yawo a titunanmu yanzu, daga Corolla da Civic zuwa Sharon da Golf na haya, rabin ciwonsu na waya ne da sensa. Zamanin 504 da kamfanin Peugeot na Kaduna ya fara harhaɗawa a 1975, lokacin da kafireto da kwantak ke juya komai, ya wuce, duk da har gobe ina koyar da kafireto a taƙaice saboda babura da janareto da tsofaffin motocin ƙauye.

Ga yadda nake fara lantarkin, kuma kuɗinsa bai kai na buhun shinkafa ba. Falanki, fiyus, rile, makunni, ƙwan fitila, waya kala-kala, batir ɗaya. Kowane rukuni ya haɗa layin fitila da kansa. Su lissafa tukuna: ƙwai mai wat 55 a kan bolt 12 zai ja kusan amfiya 4.6, guda biyu sun haura 9, to wane fiyus za a sa? Su san ja 10 ne, shuɗi 15, rawaya 20, kore 30. Sai su auna su ga ko lissafi ya yi daidai da mita. Ranar da yaro ya ga lambar da ya lissafa a takarda ta fito a fuskar mita, za ka ga idonsa ya canza, daga ranar ya daina ɗaukar lantarki kamar aikin aljanu. Rile kuma su haddace ƙafafunsa, 85 da 86 na koyil, 30 da 87 na kaya, su ji ƙas ɗinsa a tafin hannunsu. Sannan ka tambaye su me zai faru in aka naɗe fiyus da zaren waya kamar yadda ake yi a gari, ka ɗauki siririyar waya a waje a fili ka nuna musu yadda robarta ke narkewa, gani ya kori ji.

Daga nan sai lambobin da nake so su zauna musu a ka kamar karatun allo. Cikakken batir a huce 12.6, in ya sauka 12.2 kusan rabi ne. Lokacin kik kar ya faɗi ƙasa da 9.6. Injin na aiki, altaneto ya ba da tsakanin 13.5 da 14.5. Motar da aka kashe aka kulle ta yi barci, abin da take sha kar ya wuce wajen miliamfiya 50, in ya wuce akwai ɓarawon wuta, a bi fiyus ɗaya bayan ɗaya. Sai awon zubewar wuta a kan waya, irin wanda na yi a garejin nan, wanda dole sai layi na aiki ake yin sa. Ka nanata musu wannan, waya za ta iya nuna lafiya lau in ka auna ta da om alhali silin tagulla biyu ne kacal suka rage a ciki, sai an ɗora mata kaya asirinta ke tonuwa.

Darasin da na fi so shi ne na tukunya. Ina kawo risho da tukunya da tamomita, mu rataya tamostat a cikin ruwa da zare, mu sa sensar zafin ruwa a gefe an jona ta da mita. Yara su zagaye suna kallo. A ruwan sanyi irin sensar da ta fi yawa tana nuna wajen om 2,000 zuwa 3,000, ruwa na zafi lamba na sauka, kafin a kai digiri 80 ta dawo wajen 300, can wajen digiri 82 sai ka ga bakin tamostat ya fara buɗewa a hankali, wani yaro har kabbara ya yi ranar farko. To daga nan sai in kawo maganar da kowa ya sani, cewa mota na shigowa daga Kwatano abin da ake fara yi mata shi ne a cire tamostat a jona fanka dairek wai ƙasarmu da zafi. Sai in ce su yi tunani, in injin bai kai zafinsa ba me sensa za ta gaya wa burenbos? Za ta ce har yanzu da sanyi, ita kuma ta ci gaba da ƙara mai, ga shan fetur, ga fulogi na baƙi, ga injin na cin kansa, balle da safiyar hunturun Zariya. Ba ni na faɗa musu ba, su suka ciro amsar, kuma irin wannan ba a mantawa.

Shekara ta biyu sai birki, sitiyari, sasfenshan, kuloci da giya, tsarin mai da na wuta. A gwajin kwamfireshan su san bambanci tsakanin silinda kar ya wuce wajen kashi 10 cikin 100, in ɗaya ya yi ƙasa a zuba cokalin baƙin mai a sake, in ya tashi ringi ne, in bai tashi ba a duba bawul ko gasket. Man birki kuma yana shan danshi, shi ya sa ba a barin gwangwaninsa a buɗe.

Mataki na biyar: sikana, amma a ƙarshe

Kowa na son sikana, na'urar da ake jona wa mota ta karanto matsalolin da burenbos ta gano, iyaye ma in sun zo ita suke tambaya. Ni ba na ba yaro ita sai ya iya mita da karanta zanen waya, in ba haka ba ka yaye mai canza kaya ne kawai, na'ura ta ambaci sensa ya ce a sayo sensa. Su fara da sanin bakin da ake jonawa: OBD-II ya zama dole a Amurka tun 1996, Turai ta bi da nata a motocin fetur a 2001, bakin kuma ramuka 16 ne, na 16 wutar batir, 4 da 5 as, 6 da 14 layin CAN da kwamfutocin mota ke hira a kai, in ka cire batir ka auna tsakaninsu ya kamata ka ga om 60. Ko ba ka da babbar na'ura, ƙaramar nan ta ELM327 da ake haɗawa da waya ta isa a fara karanta kod da kallon bayanan injin yana aiki.

Abin da za ka dasa musu shi ne kod ƙorafi ne, ba hukunci ba. P0301 na cewa silinda ta ɗaya na tsallake wuta, bai ce koyil ya mutu ba, to a musanya koyil na ɗaya da na biyu, in kod ya koma P0302 an kama ɓarawo, in bai motsa ba a koma kan fulogi, nozul, kwamfireshan. P0171 na cewa iska ta rinjayi mai, ma'aunin da injin fetur ke nema shi ne 14.7 na iska a kan 1 na mai, to a kalli gyaran man da burenbos ke yi, in ya haura kashi 10 a silo, wato injin na aiki ba a taka totur ba, amma ya sauko da an taka totur, a nemi inda iska ke shiga ta ɓaraka, in kuma sai an taka yake ƙaruwa a duba famfon mai ko sensar iska, wadda ƙurar hunturu ke yi wa illa sosai a nan in filta ta huje. P0420 kuma a motocinmu sau da yawa labarin indomin da aka fasa aka sayar ne. Kuma doka: ba a goge kod sai an rubuta shi a katin aiki.

Mataki na shida: kaya, kuɗi, da amana

Kasafi ba zai taɓa isa ba, wannan ka sa a ranka. In za ka rubuta buƙata kar ka rubuta doguwar lis ta miliyoyi, za a ajiye ta ne kawai. Ka kasa ta uku, na wannan zangon, na bana, na gaba, kuma kowane abu ka rubuta babin manhajar da ba zai koyu ba in babu shi. Mita goma masu sauƙin kuɗi sun fi amfani a kan babbar na'ura ɗaya da mutum ɗaya zai riƙe. Matattun sensa, koyil, altaneto, kik, tsohuwar hanes ta waya, duk waɗannan kanikawa zubarwa suke ko su sayar wa 'yan gwangwan, ka roƙa za a ba ka, in ka shiga Kaduna kuma ka leƙa kasuwar Panteka. Ma'aikatu da yawa suna da motocin da suka mutu a harabarsu, wasiƙa ta hannun firinsifal na iya kawo maka ɗaya.

Kayan aiki kuma a yi musu allo a bango a zana siffar kowanne da fenti, da ka ɗaga ido ka san abin da babu. Kowane yaro da lambarsa ta ƙarfe, ya ajiye lamba ya ɗauki sifana. Minti goma sha biyar na ƙarshe na shara ne da ƙirga kaya, ba mai fita sai allo ya cika.

In za ku riƙa karɓar motocin malamai da na maƙwabta, abu ne mai kyau don mota mai rai ta fi gawa koyarwa, amma da sharaɗi: izinin hukumar makaranta a rubuce, katin aiki, mai mota ya sayo kayansa, rasit ga duk abin da aka biya, kuma kai ko wani malami ya duba birki da notin taya da hannunsa kafin mota ta fita. Kuɗin wokshop kar ya kwana a aljihunka ko na dare ɗaya, na ga mutanen kirki da wannan ya zubar wa mutunci.

Mataki na bakwai: ka je gareji da ƙafarka

Kar ka aika takarda, ka je da kanka, ka gaida oga da girmamawa, ka zauna a kan benci a sha shayi. Mutumin da ya shekara talatin yana jin ƙarar injin ya san abin da babu a littafinka, in ka shigo masa da "mu masu ilimi" to yaronka zai ƙare a wankin noti da aiken sayo abinci. Ka bi ta shugabannin ƙungiyarsu ta kanikawa, NATA, ka zaɓi garejin da ke da aiki da tarbiyya, a Sabon Gari ko Tudun Wada ko Samaru, inda ya fi kusa da gidan yaro saboda kuɗin mota. Ka ce masa "Oga, ga ɗanka na kawo, ga abubuwa goma da nake roƙon ya taɓa da hannunsa kafin ya dawo", ka ba shi takardar, ka riƙa leƙawa ba tare da sanarwa ba. Kai ma ka ba da naka, ranar Asabar ɗaya a wata ka buɗe wa yaran garejin ƙofa ka koya musu mita da sikana kyauta. NBTE a ƙarƙashin Farfesa Idris Bugaje, wanda ya taɓa riƙe kwalejin Kaduna Polytechnic, tana tura tsarin NSQ da ke ba masu sana'a damar samun shaidar ƙwarewa a kan abin da suka riga suka iya, ka bayyana musu wannan, za su riƙe ka da daraja. Kuma muna da sa'a a garin nan, ga sashen injiniya na ABU, ga kwalejin Nuhu Bamalli, ga cibiyar fasahar sufuri ta NITT a hanyar Basawa, ka nemi izini ka kai yara ziyara su ga inda hanyar ke bullewa.

Mataki na takwas: malamanka

Za ka tarar da dattijo gwanin injin da ke tsoron kwamfuta, da matashi mai digiri da bai taɓa sauke giyabos ba. Ka haɗa su aji ɗaya, kowa ya rufa wa ɗan uwansa asiri yana koyo. Gyara kuwa a ofis ake yi, ba a gaban ɗalibai ba. Kuma kai ma ka riƙe aji, shugaban da ofarol ɗinsa ba ya baƙi maganarsa ba ta da nauyi a wokshop.

Gas da haibirid

Tun da aka cire tallafin fetur a 29 ga Mayun 2023 maganar CNG, gas ɗin da ake juya mota ta riƙa amfani da shi maimakon fetur, ta shigo da ƙarfi, yara za su tambaye ka. Ko ba ku da kayan juyawa, ka koya musu haɗarin: tukunyar CNG tana ɗaukar matsi wajen 200 a ma'aunin matsi na bar, tukunyar gas ɗin girki ko wadda aka yi wa walda ba za ta taɓa zama madadinta ba, a Oktoban 2024 wata mota mai tukunyar ƙirar hannu ta tarwatse a gidan gas a Benin. Haibirid, motar da ke haɗa injin fetur da na lantarki, ma haka, batirin Prius na 2004 zuwa 2009 ya haura bolt 200, duk waya mai ruwan lemo ba a taɓa ta sai da horo da safar hannu ta musamman mai jure bolt 1,000.

Mataki na ƙarshe: yadda za ka gwada su

Duk ƙarshen zango, da yamma bayan an tashi, nakan shiga wokshop ni kaɗai in dasa matsaloli. In sassauta wayar as a wannan, in sa ƙonannen fiyus a waccan, in zare siririn tiyon iska a bayan manifol, in sa mataccen rile a layin famfon mai. Washegari yaro ɗaya ɗaya zai shigo, in ba shi kati mai ɗauke da ƙorafin mai mota da irin bakin da masu mota ke yi, "tana jijjiga in na tsaya a go-sulo", in ba shi minti talatin. Makin na kasa shi: tsaro, tambayoyin da ya yi min a matsayin mai mota, awon da ya yi da lambobin da ya rubuta, gano matsalar, sannan mayar da kaya da tsafta. Wanda ya yi sa'a ya cafko matsalar da ka ba tare da awo ba rabin maki yake samu, wanda ya bi hanya daidai lokaci ya ƙare masa saura taki ɗaya ya fi shi. Ka gaya musu wannan tsarin tun ranar farko ta zango, ka manna shi a ƙofa.

Wanda ya faɗi kar ka bar shi da jan biro kawai, ka tsaya da shi a gaban motar ku sake bi tare, mita a hannunsa ba a naka ba, sannan ka sa masa wata ranar ya sake da wata matsalar daban. Katunan nan kuma kar ka zubar, ka buɗe wa kowane yaro fayil, su ne za ka nuna wa masu tantancewa in sun zo daga Kaduna, kuma ranar da zai fita ka ba shi kofi ya haɗa da takardarsa, tare da shawarar ya je ya yi gwajin sana'a, wato tired tes, na ma'aikatar ƙwadago ya kuma sayi mitarsa ta kansa kafin ya sayi komai.